Ruwan sha a makaranta: tsakanin tanki da bakin yaro

Makaranta kan samu rijiyar burtsatse amma yara su wuni da ƙishi. Galibi matsalar tana tsakanin tanki da bakin yaro.

A fara da lissafi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta ware lita 5 a rana ga kowane mutum a makarantar jeka-ka-dawo. Ɗalibai 400 na nufin lita 2,000, wato jarka 80 mai cin lita 25. Famfo ɗaya ba zai shayar da su ba a ɗan lokacin tara. Manya za su ture ƙanana, 'yan aji ɗaya su koma aji ba su sha ba.

Randa da moɗa ɗaya sun fi komai ɓata ruwa. Yaro ya fito daga bayan gida, ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da moɗar. Shi ke nan. Gara bokiti mai murfi da aka sa wa famfo a gindi, a ɗora shi kan benci daidai tsayin ƙaramin yaro, kowa ya zo da kofinsa ko gorarsa.

Idan za a sa klorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, a jira minti 30. Ruwa mai laka a bar shi ya kwanta, a tace tukuna. Kada a zarce ma'auni, don da yaro ya ji wari ya daina sha. Haka baƙin tankin roba da ke tsakiyar rana: da bazara ruwansa kamar na wanka yake. A yi masa rumfa, a wanke gansakukar ciki duk farkon zango, a kuma ajiye kan famfo na canji, shi ne ke fara lalacewa.

Yaron da ya ƙi wannan ruwa bakin ƙofa zai nufa. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara. Zobo da kunun aya ba laifi gare su ba, sai dai a tambayi mai sayarwa da wane ruwa ta haɗa ƙanƙarar, da yadda ta wanke robobin da ta tsinto.