Laraba, 3 ga Satumba: na kai wa Inna hoton Ƙasimu Yero

Da ruwa muka tashi yau, irin yayyafin Jos ɗin nan mai ratsa ƙashi. Na dawo daga masallaci ina kurɓar shayi ina duba waya, sai ga hotonsa wani ya saka: Ƙasimu Yero, ɗan wasan kwaikwayon talabijin, shekara takwas ke nan cif da rasuwarsa. Ranar Lahadi, 3 ga Satumban 2017, Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna yana da shekara 70. Ban manta ba, don kwana biyu ne bayan Babbar Sallah, ana tsaka da suyar nama a gidanmu labarin ya iso. Allah ya jiƙansa da rahama.

Kasuwa ba ta yi ba, ruwa ya hana mutane fitowa. Ana idar da azahar na rufe shago a Terminus, na hau Keke na nufi Gangare wurin Inna.

Na tarar da ita a bakin ƙofar ɗaki, kaskon gawayi a gefenta, tana regen acca a ƙwarya. Bayan mun gaisa na durƙusa na miƙa mata wayar, na ce, "Inna, kin gane wannan?" Ta goge hannu da haɓar zane, ta nisanta wayar daga idonta, ta ɗan yi jim. Sai ta ce, "Gaga! Fitinannen mutumin nan!" Nan take kuma ta kama baki: "Astagfirullah, ai ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya gafarta masa, ba halinsa ba ne, wasa ne."

Abin da ya tsaya min a rai ke nan har yanzu da nake rubutun nan. Inna ba ta jin Turanci, ko "zo in kashe ka" ba ta sani ba, kuma da Turanci aka yi Cock Crow at Dawn, shirin da Ƙasimu Yero ya fito a matsayin Gaga. Amma fiye da shekara arba'in bayan nan, ba ta manta da Gaga ba. A 1980 NTA ta fara nuna shirin, lokacin da gwamnatin Shagari ke ta kiran jama'a su koma gona, kuma a nan ƙasar Filato aka ɗauke shi. Labarin Bello ne, wanda ya tattara iyalinsa daga birni ya koma ƙauye noma, ga ɗansa Bitrus, wato Sadiq Daba, ga kuma Gaga da ya zame musu ƙarfen ƙafa. Da zarar muryar Bongos Ikwue ta tashi da waƙar buɗe shirin, sai yaran layinmu su cika tsakar gidanmu, don Baba ne kaɗai mai talabijin, baƙi-da-fari, wadda ake rufewa da ƙyalle mai ado idan an gama kallo. Mu kan tabarma, mata a baya, Baba a kujerarsa yana fassara musu. Sai dai in Gaga ya fito ba a bukatar tafinta. Ya ɗaga gira, ya karkata kai, ya ja magana a hankali, kowa ya san akwai wata a ƙasa. Muna kuma ganin duwatsun da ke bayansu mu ce ai namu ne, ga su can in ka fita bayan gari.

Ni kuwa a wasanninsa na Hausa na fi sonsa, waɗanda aka yi a Kaduna: Karambana, da kuma Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Bazazzagi ne, kuma Hausarsa a zaune take, ba gaggawa, kowace kalma sai ta cika bakinsa kafin ta fito. Ba ya ihu don ya ba ka dariya, ba ya zare ido don ya ba ka tsoro. Ina kallon finafinan yaranmu na yanzu, ina kuma jin daɗin wasu, amma a ganina wannan natsuwar ta yi ƙaranci. Da yawa sun iya tsayuwa gaban kyamara, kaɗan ne suka iya yin shiru a gabanta yadda shi ya iya.

Inna ta shiga lissafo su da yatsa. Ta ce, "Bitrus fa?" Na ce ya rasu a Legas, watan Maris na 2021. "Samanja?" Na ce shi ma, a Nuwamban 2023. Ta yi salati, ta juya ƙwaryar accarta, ta ce, "Babanku ma da ke fassara mana ya bi su." Daga nan ba wanda ya ƙara cewa komai sai da aka kira la'asar.

Da daddare na kira Ummi, 'yata mai shekara goma sha huɗu, na tambaye ta ko ta taɓa jin sunan Ƙasimu Yero. Ta ce, "Abba, mawaƙi ne?" Raina ya sosu, amma ba laifinta ba ne, ni ne ban taɓa zaunar da ita na ba ta labarinsa ba. A garin da ke da kwalejin talabijin a Rayfield da hukumar finafinai ta ƙasa, ga yarinya ta tashi ba ta san shi ba. Muka laluba intanet tare, muka samo wani ɗan guntun bidiyo dishi-dishi, sautin na shaƙewa. Ta kalla har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta ce in sake kunna mata.

Mun yi da ita ranar Asabar zan kai ta Gangare, Inna ta ba ta labarin Gaga da bakinta. Ruwa ya sake tsinkewa, an ɗauke wuta, bari in kwanta.