Matakala 28 da gwiwa a Roma

Jama'a, yau gwiwoyina sun ji jiki. Daura da cocin Lateran a birnin Roma akwai matakala 28 da ake kira Scala Santa. An ce su Yesu ya taka zuwa gaban Bilatus, gwamnan da ya yi masa shari'a, Helena uwar sarki Konstantin ta kawo su daga Urushalima. Da gwiwa ake hawa, kowane mataki da addu'arsa. Wata tsohuwa a gabana, carbin rosari a hannu, tana jan jiki tana sheshsheƙa. A mataki na 12 na tuna Mama, yadda take durƙusawa kan tabarma kullum da asuba tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Sai hawaye. Allah ya ba ki hutawa, Mama.