Inda Nake Kai Iyayena Cin Abincin Dare a Abuja

Yawancin iyayenmu da suka haura shekara 70 ba su taso da al'adar cin abinci a waje ba. A garin da na fito, magidanci mai iyali ba ya zama gaban mai abinci sai tafiya ta kama shi, kuma idan aka gan shi yana yin hakan a cikin gari, sai a fara tambayar ko lafiya a gidansa. Saboda haka duk lokacin da mahaifana suka zo Abuja, ko don ganin likita ko don ganin jikoki, na kuma ga ya dace in fitar da su su sha iska su ci abincin dare, abin da nake fara nema shi ne wurin da za su zauna ba tare da sun ji sun zubar da girmansu ba. Wahalar ita ce ba za su taɓa faɗa maka cewa wuri bai yi musu ba. Kara ba za ta bar su ba. Za su ce "Allah ya yi albarka," su taɓa abincin kaɗan, su yi shiru har a koma gida, kai kuma sai ka nemi labarin zuciya a fuska. Wannan ne ya sa nake zuwa da kaina in duba wuri tun kafin ranar, a daidai lokacin da nake son kawo su, domin gidan abincin da yake tsit da hantsi yana iya zama wani abu daban bayan magariba.

Ba na kai su Wuse II ko Maitama. Kuɗin hayar waɗannan unguwanni yana cikin farashin kowane faranti, kuma wuraren da ke kan titin Aminu Kano da kewayensa an shirya su ne domin matasa masu son kiɗa da haske da ɗaukar hoto. Akwai kuma batun hanya, wanda duk mazaunin Abuja ya san shi. Tun da aka dawo da fadar gwamnati nan a watan Disamban 1991, birnin yake tara ma'aikatan da mafi yawansu ba su iya biyan hayar tsakiyarsa, don haka suke kwana a Kubwa da Lugbe da Karu da Nyanya da Mararraba, su shigo da safe, su fita da yamma. Wanda ya ɗauki dattijo mai ciwon gwiwa ya shiga cunkoson hanyar Nyanya da ƙarfe shida, ya riga ya ɓata daren kafin a ga tuwo. Ni a ɓangaren Kubwa nake zaune, saboda haka iyakata Gwarimpa da Dawaki da Life Camp, inda mota za ta kai mu ba tare da an ratsa tsakiyar gari ba. Gwarimpa, wadda aka gina zamanin Janar Sani Abacha, tana da manyan tituna masu shaguna da hayaniya, amma idan mutum ya saki babban titi ya shiga layukan ciki, zai tarar da gidajen zama da aka mayar gidajen abinci, masu tsakar gida da wurin ajiye mota a bakin ƙofa. Irin waɗannan nake nema.

Shirun wuri shi ne abin da na fi tsananta bincike a kansa, kuma dalilin ya wuce son natsuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na mutanen da suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai takurawa. Yadda wannan rauni yake zuwa da tsufa shi ne siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, don haka dattijo yana jin ana magana amma kalmomin suna cakuɗe masa, musamman idan akwai wata ƙara a bayan fage. A ɗaki yana iya hira da kai lafiya lau, amma a wurin da talabijin yake nuna ƙwallon Ingila, fanka tana kaɗawa, cokula suna bugun faranti a kan daɓen tayil, sai ka ga ya janye daga hirar. Na san alamar a wurin Baba: yakan ɗan karkato da kunnensa na dama, ya gyaɗa kai, ya ce "haka ne" ko da tambaya aka yi masa. Idan na ga haka, na san ba ya tare da mu.

Don haka idan na shiga wuri, nakan fara tambayar inda injin janareta yake. Ba a rasa ɗaukewar wuta a unguwannin gefen gari, kuma teburin da yake jikin tagar da ke kusa da inji ba wurin zaman tsoho ba ne, ga ƙara ga hayaƙi. Wuraren da suka sa sola sun fi dacewa. Sai in duba ko akwai lungu nesa da talabijin da ƙofar kicin, in kuma tambayi mai wurin ko zai yarda a rage sauti idan mun zo. Yadda ya amsa wannan tambaya yakan nuna mini yadda za a karɓi iyayena. Lambunan shaƙatawa da Abuja ta yi suna da su, inda ake gasa kifi a fili, suna da iska mai daɗi da araha daidai gwargwado, sai dai a da yawa daga cikinsu ana sayar da giya, kiɗa kuma yana tashi da zarar duhu ya yi, ga sauro da damina. Ban taɓa tunanin zaunar da Inna a irin wannan wuri ba.

Bene kuwa ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Nakan kuma leƙa banɗaki da kaina in ga ko akwai ruwa da buta, ko ƙasan tana da santsi, domin mai ciwon suga ko wanda yake shan maganin hawan jini mai sa fitsari zai nemi wurin kafin a tashi, kuma ba zai so ya yi ta tambaya a gaban jama'a ba. Sai wurin alwala da inda za a shimfiɗa darduma. A Abuja rana tana faɗuwa ne tsakanin ƙarfe shida da 'yan mintuna da kusan ƙarfe bakwai, gwargwadon lokacin shekara, kuma tsarin da ya fi yi mana daɗi shi ne a yi magariba a masallacin da ke kusa, a zauna a ci, a koma gida a yi isha'i. Tsofaffi ba sa son cin dare sosai, kuma masu shan magani a kan lokaci ba a ja musu rai da jiran abinci, shi ya sa nake buga waya in ba da oda tun muna hanya.

A kan abinci, na daina damuwa da doguwar takardar da ke ɗauke da girke-girken ƙasashen duniya. Wurin da ya iya tuwon shinkafa mai laushi da miyar taushe, ko tuwon masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ko waina da farfesun kaza da ya dahu har tsoka tana sakin ƙashi, ya gama biya mini buƙata. Tsire da kilishi na masu haƙori ne. Abin da ya fi wuyar samu shi ne mai girkin da zai saurara idan aka ce a rage gishiri da dunƙule da yaji. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, alhali miyar sayarwa takan dogara ne da dunƙule don ta ja ciniki. A ƙaramin gidan abinci kana iya magana da matar da ke tsaye kan tukunya, ta ɗebar maka miya a gefe kafin ta kammala zuba kayan ɗanɗano, ka kuma tambaye ta kai tsaye inda take sayen nama da wanda ya yanka. Inna tana da nata ma'aunin: takan ɗiga miya a bayan hannu ta ɗanɗana, idan ta ji daddawa ta fito sai ta ce, "Wannan 'yar gida ce ta yi," daga nan kuma ta saki jiki.

Batun kuɗi yana da fuska biyu. Aljihu na nan, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da komai ya tashi, amma ko da ina da hali, tsadar wuri tana hana iyaye jin daɗin abinci. Idan Baba ya ga farashi, sai ya ajiye takardar ya ce, "Kai, wannan ai kuɗin cefanen mako ne, ku kawo mini shayi kawai." Don haka nakan roƙi ma'aikatan kada su kawo takardar farashi teburinmu, in faɗi abin da ake da shi da baki, "Baba, akwai tuwo, akwai waina, wanne za a kawo muku?", sannan in tashi kamar zan wanke hannu in biya a kanta. Yana da kyau mutum ya tambaya tun farko ko farashin da aka rubuta ya haɗa da haraji. Harajin VAT kashi 7.5 ne cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, wasu wuraren kuma suna ɗora kuɗin hidima a kai, ta yadda abincin naira 20,000 zai koma 21,500 da haraji kaɗai, ya kai 23,500 idan an ƙara kashi 10 na hidima. Nakan riƙe tsabar kuɗi a aljihu, domin ba na son su zauna suna kallona ina jiran tiransfa ta shiga. Ba na kuma bin araha ido rufe. Wurin da kwanukansa suke da maiƙo ko ƙudaje suke bin teburi ba zan kai mai raunin ciki ba, ko da kyauta ne.

Akwai wani abu da masu gidajen abinci ba su cika lura da shi ba, wato kunya irin tamu. Inna ba ta saba cin abinci a teburi ɗaya da Baba a gaban baƙi ba, ba ta sakewa idan akwai suruki, kuma idan yayanmu, wanda shi ne ɗan fari, yana wurin, ko sunansa ba za ta kira ba, balle ta ce ya miƙo mata ruwa. Saboda haka wurin da yake da ɗan keɓaɓɓen ɗaki ko labule, ko inda aka shimfiɗa kafet da matasai don masu son zama a ƙasa, ya fi mini wanda yake da kujerun alfarma a tsakiyar zaure. Idan mun yi yawa, nakan nemi a raba mana zama biyu kusa da juna, mata da yara a gefe guda, mu da Baba a ɗaya gefen, a kawo ruwan ɗumi da sabulu a kwano, domin da hannu za su ci tuwonsu. Abin da ya rage kuma nakan sa a zuba a roba mu tafi da shi, tun da Inna ba za ta yarda ta tashi ta bar abinci a faranti ba.