Kafin ka sa kai cikin jirgin da ya nutse

Duk wanda ya koyi nutso da tukunyar iska goye a bayansa, akwai abin da ke kwantar masa da hankali ko bai lura ba: in al'amari ya ɓaci, sama a buɗe take. Ka yi wa abokin nutsonka alama, ku tashi a hankali, ku fito ku shaƙi iskar Allah. To, da zarar ka kutsa cikin jirgin da ya nutse, wannan damar ta ƙare. Ƙarfe ne a bisa kanka, kuma kafin ka yi sama dole sai ka nemo ƙofa.

Ina ƙaunar jiragen nan ƙwarai, shi ya sa nake wannan magana. Thistlegorm, jirgin dakon kaya na Birtaniya da jiragen saman Jamus suka nutsar a Bahar Maliya cikin Oktoba 1941, yana kwance a zurfin kusan mita 30, da babura jere a bayan manyan motoci tun yadda aka loda su. Wanda ya haska su da tocila ba zai so ya tsaya a bakin ƙofa ba, zuciya sai ta ce ƙara gaba kaɗan. A wannan ƙara gaban ne ake shiga uku.

Ni abin da na fi tsoro a cikin jirgi shi ne laka. Shekara da shekaru tana kwanciya a daɓen ɗakuna, laushinta kamar toka. Bugu ɗaya na takalmin iyo da bai dace ba ya isa ya tashe ta. Na ga haka da idona: wani da ke gabana ya juya da sauri, ƙafarsa ta shafi ƙasa, kafin in ja numfashi biyu ruwan da yake garau ya zama ja. Na kai tocila daf da gilashin fuskata, hasken bai wuce tafin hannuna ba, ko lambobin ma'aunin iska ba na iya karantawa. Ko ka iya ƙafa ma, kumfar numfashinka tana bugun rufi, tsatsa ta riƙa zubo maka ɓarɓashi-ɓarɓashi. Saboda haka ake koyon bugun ƙafa irin na kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, ruwa ya tafi baya maimakon ƙasa. Saboda haka kuma ake ɗaura zare a wajen ƙofa, a riƙa warware shi daga kwarkwaro ana shiga, ana maƙala shi a wuraren da ba zai zame ba. Ranar nan yatsuna biyu na zagaye da zaren, shi ya fito da ni, a hankali, ba tare da na ga komai ba. Zaren ba na ja ba ne, na bi ne. In ka ja shi, ƙarfe mai kaifi zai yanke shi.

Kada ka dogara da cewa za ka tuna hanya. Zenobia, wanda ya nutse kusa da Larnaka a tsibirin Kubrus a 1980, a gefensa yake kwance a zurfin mita 42. Bango ya koma daɓe, ƙofofi suna buɗewa sama da ƙasa, matakala ta miƙe a kwance. Kan mutum yana rikicewa a wuri irin wannan tun ruwa yana garau.

Sai lissafin iska. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi daidai da na sararin da muke ciki, don haka a mita 30 iskarka tana ƙarewa ninki huɗu fiye da a sama. Ƙa'idar ita ce ka kasa ta uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ka bar shi don abin da ba a fata, ko naka ko na abokinka. In ma'auni ya nuna 210 a farko, da ya sauko 140 ka juya, ko da abin da ka zo gani yana taku biyu a gabanka. A wannan zurfin ne kuma naitirojin da ke cikin iskar da ake shaƙa ke fara bugar da mutum, tunani ya yi nauyi, ya ji komai lafiya lau. Shi ya sa nake so a yanke shawarar inda za a tsaya tun ana kan kwalekwale, da kai a warware.

Daga waje ma jirgin yana da haɗarinsa. Kifi na taruwa a kansa, masunta na bi, ragarsu da zaren fatsa da ba a gani su maƙale a ƙarfe. Ina riƙe almakashi da ƙaramar wuƙa a inda kowane hannu zai kai, da tocila biyu. In wani abu ya riƙe ka ta baya, kada ka yi ta juyi, ƙara nannaɗe kanka za ka yi. Tsaya cak, abokinka ya kwance ka. Iskar da ta taru a rufin ɗaki ba ta shaƙa ba ce, kada ka cire abin numfashi daga baki. Harsasai da bamabamai na jiragen yaƙi kuwa a bar su inda suke, balle wasu jiragen kaburburan mutane ne.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne jagoran da zai ja sababbin masu nutso ya ratsa da su ɗakin inji, babu zare, babu horo, don kawai kowa ya sami hoto. Shiga jirgi darasi ne na musamman da ake koya a hannun malami, kuma matakin farko ba ya wuce inda kake hango hasken ƙofa. Andrea Doria, jirgin Italiya da ya nutse a 1956 a gabar Amurka, a zurfin da ya haura mita 70, ya ci rayukan mutanen da suka ƙware sosai. In jagora ya nuna maka rami mai duhu kuma ba ka da horon, ɗaga masa babban yatsa sama, alamar nutso ya ƙare, ba sai ka ba kowa dalili ba. Ku koma igiyar da kuka sauko ta kanta, ku hau a hankali, ku tsaya minti 3 a mita 5, kuma in kun yi nutso fiye da ɗaya ku bari aƙalla awa 18 ta wuce kafin ku shiga jirgin sama.