Sana'ar Ceto Tsofaffin Kaset

Shagona a Kano yake, ɗan ƙarami ne, kanta a ciki, benci a waje. Da hayar kaset ɗin bidiyo na fara, zamanin da mutum zai biya kuɗin haya ya tafi da fim gida, washegari ya aiko yaro da shi. Da faifan CD ya shigo sai na koma faifai. Da waya ta kashe kasuwar faifai sai na sayi kwamfuta na shiga sahun masu tura fim a mimori. Kusan duk wanda ya yi wannan sana'a a garin nan hanyar da ya bi ke nan, in ba haka ba ya rufe shago ya koma sayar da caja da gilashin waya. Inda na bambanta da abokan sana'ata shi ne ban zubar da kaset ɗina ba. Yau su ne rabin aikina. Ina karɓar tsohon kaset in tsabtace shi, in juye abin da ke cikinsa a kwamfuta, kuma abin da na fi damuwa da shi fina-finan Hausa ne na tsakanin 1990 da farkon shekarun 2000.

Mutane na ɗauka duk fim ɗin da aka taɓa yi yana nan a ajiye a wani wuri, sai dai a danna waya ya fito. Ba haka ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina kasuwar tun farko. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin da ya buɗe kasuwar bidiyon Hausa. Daga nan harka ta yi ta bunƙasa har Bata da Ƙofar Wambai a nan Kano suka zama cibiyar kaset. Amma furodusa a lokacin ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake sayarwa. Zai gama fim, ya buga kwalayen da ake saka kaset a ciki masu ɗauke da hoton jarumai, ya kai wa diloli tare da masta, wato asalin kaset ɗin da ake kwafar fim daga cikinsa. Dila ya sayi kwali gwargwadon abin da yake ganin zai shige, ya kawo nasa kaset marar komai, ya jera injinan bidiyo ya yi ta buga kwafi. Kuɗin furodusa yana jikin adadin kwalin da ya sayar. Ita kuwa masta tana hannun masu bugawa, ana ta murza ta dare da rana har ta gaji. In kasuwar fim ta wuce, hankalin kowa ya koma kan na gaba. Kaɗan ne suka yi tunanin a ware kwafi mai kyau a adana. Shi ya sa abin da ke zuwa hannuna yawanci kwafin kwafi ne, wanda ya sha haya gida-gida.

Kaset yakan zo mini a buhu ko a tsohuwar jakar Makka. Kafin in buɗe, wari ya gaya mini labarinsa. Wanda ya kwana a ɗakin da ke yoyo da damina yana da warin danshi, kuma in ka duba ta tagar roban nan ta gaba za ka ga funfuna ta yi fari-fari a gefen zaren kamar an barbaɗa garin tuwo. Irin wannan ba a saka shi a inji kai tsaye, don zai ɓata kan injin, wato ɓangaren da ke karanta zaren, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Sai na kife shi na kwance sukurorin da ke ƙasa, na ɗaga murfin a hankali saboda ƙananan sifirin da ke ciki, in ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasa an shiga uku. Sannan na ciro faifan zaren guda biyu, na riƙa juyawa da hannu ina goge zaren da ƙyalle mai laushi wanda ba ya barin gashi. Inda ya tsinke sai na yanke gefe biyun su daidaita, na haɗa su ta baya, ɓangaren da ba ya taɓa kan inji. Inda ya yamutse kuwa, wato inda wani inji ya taɓa tauna shi, ba abin da zan iya. Wurin zai fito da layi-layi har abada. Wanda ya sha zafin rana a kan silin ko a bayan mota shi ya fi wuya, domin zaren kan manne da juna, in ka ja da ƙarfi baƙin da ke ɗauke da hoton ya ɓare ya bar roba zalla.

Bayan tsabtacewa sai juyewa. Ina haɗa injin bidiyo da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai kama hoto da sauti. A nan babu gaggawa: fim ɗin awa biyu sai ya ci awa biyu cif, kuma dole ina zaune ina kallo, hannuna na kan maɓallin daidaita hoto, don kaset ɗin da aka buga a wani inji ba lallai ya zauna daidai a nawa ba. In aka ɗauke wuta a tsakiya sai a koma farko, shi ya sa na haɗa sola tun kafin in gyara rufin shagon. Babbar damuwata injinan ne. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera su, ya daina a 2016. Duk injin da na samu a wurin masu gwanjo ko 'yan gwangwan ina saye, ko da matacce ne, saboda bel da roba da kan da ke cikinsa. Masu gyaran da suka san cikinsa ma sun tsufa, yaransu kuwa gyaran waya suka koya.

Faifan CD bai fi kaset aminci ba, ko da yake mutane na ganin ya fi zamani. Hotonsa ƙanƙane ne, in ka saka a babbar talabijin ta yanzu sai fuska ta farfashe. Wanda aka buga a faifai mai araha kuma, azurfar bayansa kan ɓare da kanta. Sau da yawa kaset mai shekara talatin ya ba ni hoton da ya fi na faifan da bai kai shi shekaru ba.

Da yamma bayan sallar Isha'i nakan fito da talabijin bakin shago in saka abin da na gama juyewa, don in tabbatar sauti da hoto sun tafi tare. Daga nan majalisa ta samo asali. Ba kuɗi nake karɓa ba, amma babu tallar da ta kai ta. Masu shekara arba'in zuwa sama su ne 'yan gaba-gaba, kuma gardamarsu ba ta ƙarewa. In aka saka Sangaya na 1999, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito, sai wani ya ce daga nan fim ɗin Hausa ya lalace, don bayansa kowane furodusa sai ya cusa waƙar fiyano da rawa ko labari bai nema ba. Wani ya ce a'a, daga nan fim ya zama sana'ar da ke ciyar da mutane. In aka saka Wasila na 2000, labarin matar auren da ta ci amanar mijinta, sai magana ta bar fim ta koma kan aure da yafiya, har sai na tashi rufe shago.

Ni ra'ayina a kan wannan gardama a fili yake. Gaskiya ne an kwaikwayi Indiya, kuma wani kwaikwayon ya yi yawa. Amma wa ya taso a Kano bai sha fim ɗin Indiya ba? Iyayenmu sun cika silimun Plaza da Orion da El Dorado, har suka raɗa wa jaruman suna: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Yaran da suka ɗauki kyamara a shekarun 1990 da abin da suka gani suka fara. Abin da ya kamata a duba shi ne abin da suka yi da shi. Sun ɗauki soyayyar da iyaye ke hanawa, da auren dole, da zaman kishiyoyi, suka zuba su a zauren Bahaushe da harshensa. Sauti ba shi da kyau, wani lokaci kana jin janareto a bayan magana, haske kuma sai yadda rana ta ga dama. Duk da haka akwai 'yan wasan da in suka yi kuka sai ka ga dattijo a kan benci yana share ido. Na kalli na yanzu masu dogon zango, hotonsu tas, kuma ina sayar da su kullum, amma kaɗan ne suke riƙe majalisa haka.

Matasa kuma wani abu daban suke gani. Ba labarin ne ya fara kama su ba, garin ne. Suna ganin titunan Kano babu gadar sama, ga 'yan acaɓa ko'ina, waɗanda aka hana ɗaukar fasinja a 2013. Suna mamakin saurayi ya rubuta wasiƙa ya ba ƙanwar budurwa ta kai, sai an tuna musu cewa wayar salula ba ta shigo Najeriya sosai ba sai 2001, kuma rabin rikicin da ke cikin waɗannan fina-finai kira ɗaya zai warware shi. Ɗinkin mata, jeren kwalla a ɗakin amarya, yadda ake durƙusa wa iyaye, kalmomin da yanzu ba a ji a bakin yara, duk suna nan ba tare da mai fim ya yi niyyar adana su ba. Sannan ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. In Ahmad S. Nuhu ya fito, wanda ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairun 2007, ko Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disambar 2014, sai ka ji majalisa ta ɗauka da "Allah ya jiƙansa" kafin a ci gaba da kallo.

Wata Hajiya ta taɓa zuwa da kanta, ba ta aiko ba. Ta ce, "Malam, an ce kana da tsofaffin fina-finai. Ɗana ya fito a wani, ba jarumi ba ne, a cikin 'yan ɗaurin aure yake. Ya rasu, kuma ba ni da hotonsa mai motsi." Sunan fim ɗin ma rabi ta riƙe. Na ce, "Hajiya, ki ba ni lokaci, in Allah ya sa yana cikin buhunan nan za a gan shi." 'Yan majalisa ne suka gano fim ɗin daga bayanin da ta yi, wani kuma ya kawo kaset ɗin daga gidan yayarsa. Bai fi daƙiƙa kaɗan ya bayyana ba, yana gyara hula a bayan ango. Na yanko wurin na tura mata a waya.

Akwai maganar haƙƙi, kuma ba na wasa da ita. Mu masu tura fim a waya an daɗe ana kuka da mu, kuma kukan yana da tushe, don kasuwar da ta ciyar da furodusoshi ta rushe ne a daidai lokacin da fim ya koma abin da ake kwafa a minti ɗaya. Saboda haka duk tsohon fim ɗin da na ceto, ina neman mai shi ko magadansa. Na kai musu kwafi mai kyau kyauta, mu yi magana a kan ko in sayar mu raba, ko in ajiye kawai. Ba na ɗora fim ɗin wani a YouTube. Wasu in na kai musu sai su riƙe filas ɗin suna juyawa, su ce su kansu rabonsu da ganin aikin nan tun yana kasuwa. Wanda ban samu mai shi ba yana nan a ajiye a wuri biyu, na rubuta sunansa da kamfani da 'yan wasa a littafi, yadda na karanto su daga kwali ko daga rubutun farkon fim.

Na san aikin ya fi ƙarfin shago ɗaya. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano shi a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wannan fim ɗin gwamnati ne na silima, ya samu masu tsaya masa. Na bidiyo da matasa suka yi da kuɗin aljihunsu ɗaruruwa ne, kuma a ɗakunan ajiya na gidaje suke. Hukumar tace fina-finai ta Kano tun 2001 take aiki, jami'o'inmu kuma suna da sassan da ke nazarin fim. Da za su buɗe wurin karɓar kaset da injina masu kyau, ni mai kai nawa ne, har da littafin.

Abin da ke biyan kuɗin haya da na yaran shago kuwa ba fim ba ne. Kaset ɗin biki ne, da na suna, da saukar Alƙur'ani, da tafsirin azumi da wani ya ɗauka a masallacin unguwa. Su ake biya da daɗin rai, su ne kuma suke ɗaukar nauyin sauran. Duk wanda ke da irin waɗannan a gida, ya ciro su daga buhun leda, ya jera su a tsaye a inuwa inda iska ke shiga, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. In ya ga fari a jikin zaren kada ya gwada shi a inji, ya kai wa wanda zai buɗe shi da hannu kafin damina ta gaba.