Miyar Al Capone da sanyin Shikago

Shekaranjiya da daddare na sauka Kano, har yanzu barcina bai dawo daidai ba, shi yasa nace bari in rubuta tun abin na da zafi. Taro ne ya kai ni Shikago na kwana 5, shi taron ba wani labari, zama ne da shan kofi.

Tun a filin jirgi aka fara ɓata min rai. Wani jami'i ya zaro kilishin da na ɗauko tsaraba, ya ɗaga ledar da yatsu biyu kamar ya tsinci mushe, ko kallona bai yi ba ya wurga a kwandon shara. Na yarda doka ce, ba a shiga da nama, amma ai ko hani akwai yadda ake yinsa. Mai masaukina abokin yayana ne, mutumin Damagaram, ya daɗe yana tuƙin tasi a garin. Ina ba shi haƙuri yace ƙanena ai kai ne tsarabar. Maiɗakinsa kuwa tuwon shinkafa miyar kuka ta ajiye min, a Amurka fa!

Ranar Asabar ya ajiye aiki ya zaga da ni gari, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. A titin North Clark ya rage gudu ya nuna min wani fili mai 'yar ciyawa, yace nan garejin yake da aka jera mutum 7 a jikin bango aka buɗe musu wuta ranar 14 ga Fabrairu 1929, wasu cikin maharan ma da kayan 'yan sanda. Kowa ya ɗora abin kan yaran Al Capone, uban daban da ya yi kuɗi da giya lokacin da aka haramta ta a Amurka daga 1920 zuwa 1933, amma shi ranar yana can Fulorida kuma ba a taɓa hukunta kowa kan kisan ba. An rushe garejin tun 1967.

Daga nan muka gangara South State, wajen lamba 935, kuma wannan ne ya tsaya min a rai. Yace a ƙarshen 1930, tattalin arziki ya karye mutane ba aikin yi, wannan Capone ɗin dai ya buɗe gidan ciyarwa kyauta a nan, miya da kofi da donot, sau 3 a rana, ba a tambayar kowa sunansa ko dalilin zuwansa. Ranar bikin godiyarsu na shekarar mutum wajen 5,000 suka ci. Ginin babu shi yanzu, amma na fito daga mota na tsaya, iskar tafkin Mishigan ta mare ni, wallahi cikin minti 5 na daina jin kunnuwana, hunturunmu wasan yara ne. Sai na tuna magidanta a layi cikin wannan sanyin da cikin da ba komai.

Nace Yaya wannan ai irin shinkafar azumin 'yan siyasarmu ce, hoto a jikin buhu, wanke suna kawai, tunda har ana cewa masu gidan burodi da mahauta matsa musu ake yi su kawo kayan. Yayi dariya yace kai ka ƙoshi ne shi yasa, mai yunwa ba ya tambayar wa ya hura wutar. Mun ja musu har cikin wani shago inda na sha miya ɗan kwano ɗaya dala 9, na lissafa da naira sai da na ajiye cokali. Gidan ciyarwar dai watanni kaɗan yayi aka rufe, a Oktoba 1931 kuma aka kama Capone da laifi aka yanke masa ɗaurin shekara 11, ba don jini ba, don ƙin biyan haraji. Haraji fa! A gida da dariya za a yi.

Lahadi muka je titin Devon, shagunan 'yan Pakistan da Indiya, nan ne kaɗai aka bar ni na taya kaya, na sayi rigar sanyi da ban san ranar da zan sa ta a Kano ba. Dawowa ta Istambul, awa 7 a kan benci, jakata ɗaya kuma har yanzu bata iso ba.