Ka ƙara wa kwamfuta kaya monita ta ƙi kawo hoto? Tsaya tukuna

Ƙannena masu tara kuɗi don ƙara wa kwamfutar tebur ƙarfi, ku ji abin da ya same ni, don wallahi ba na so waninku ya yi irin asarar da na yi.

Da kwamfutata nake haɗa bidiyon biki ina samun na cefane. Da ta fara nauyi sai na sayo RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) guda biyu da katin girafik (mai sarrafa hoton da ke zuwa monita) GTX 1060 na hannu, na zauna da daddare na cusa su gaba ɗaya na kunna. Fanka na juyawa, fitila ta kama, amma monita baƙi ƙirin. Kun ga kuskuren farko ke nan, na taɓa abu biyu lokaci guda, yanzu ban san wanne ne ya kawo matsalar ba. Gabana ya faɗi, nan take na yanke cewa madabod, wato babban allon da ake soke komai a jikinsa, ita ce ta ƙone, washegari na je na sayo wata da kuɗin da ya kamata in biya haya da su, na sake haɗa komai yadda na yi jiya, shiru.

Sai a kwana na uku wani yayanmu a sana'a ya zo ya leƙa bayan akwatin kawai, ya ce "ƙanina, ina ka soke wayar monita?" Ashe tana can sama a ramin madabod inda ta saba zama, alhali da zarar ka sa katin girafik yawancin madabod sukan rufe nasu hoton, dole wayar ta sauko jikin katin. Nan ma wata ta taso, monitata mai tsohuwar wayar VGA ce, shi kuma wannan katin ba ya fitar da irin siginar VGA ko kaɗan, ƙaramin adaftan DVI da nake da shi ba zai taɓa yi ba, sai mai juya HDMI zuwa VGA wanda ke da ɗan cif a ciki. Ga shi kuma ban soke wayar wuta mai rami 6 da ke gefen katin ba, ramin madabod wat 75 kawai yake bayarwa shi kuwa katin kusan 120 yake ci. RAM ɗaya ma bai zauna daidai ba, gefe ɗaya ya shiga ɗayan yana sama. Tsohuwar madabod ɗina lafiyarta ƙalau.

To idan ta same ka, kada ka taɓa aljihu tukuna. Zare wayar wuta daga soket, ka danne makunni na ɗan lokaci, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara lantarki. Cire sabon abin ka mayar da tsohon, in hoto ya dawo ka san inda za ka nema. RAM kuwa gwada shi ɗaya bayan ɗaya, ka danna har sai ka ji ƙas, kuma don Allah kada ka yi masa ƙarfi in ya ƙi shiga, RAM iri-iri ne, tsagar DDR3 da ta DDR4 ba wuri ɗaya suke ba. In har yanzu shiru, cire batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, CR2032, ka bar shi kamar minti 5 ka mayar, BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, zai koma yadda ya fito daga kamfani.

Wanda ya canza furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ma ya lura. Na Intel masu harafin F a ƙarshe ba su da girafik a ciki, haka na AMD, Ryzen 5 5600 wanda ba shi da G a ƙarshe, ba kati ba hoto. Madabod B450 da yawa kuma ba za su gane Ryzen 5000 ba sai an sabunta BIOS, kuma galibi da tsohon furosesan a ciki za ka yi wannan aikin, saboda haka kada ka yi saurin sayar da shi. Ranar da za ka sabunta ɗin ka nemi inbata ko UPS mai cikakken caji, don in aka ɗauke wuta ana tsaka da aikin, nan ne madabod za ta iya mutuwa da gaske.